Daga bencin ƙofa ake gane biro

A kusan kowace ma'aikata ta ƙasar nan, a Yamai take ko a Maraɗi, Damagaram ko Tawa, akwai benci a bakin ƙofa. Wani na katako ne da ya sha zama har ya yi sulɓi, wani na ƙarfe ne da rana ke gasawa tun hantsi. Nan mai neman sa hannu ke jira, da ɗalibar da ta zo neman sitaj, da dattijon da ke bin takardun fansho, da ɗan ci-ranin da ya sauka daga Aljeriya ko Abijan shekaranjiya yana son a buga masa hatimi kafin ranar komawarsa. A can ƙarshen bencin kuma, kusa da butar shayi, akwai wanda shi ba jira yake ba, wurin aikinsa ke nan: ɗan aiken biro, wanda kowa ke kira planto.

Duk baƙon da ya nemi sanin yadda ma'aikata take, zanen da ke manne a bango ake nuna masa. Darakta a sama, mataimakinsa a ƙasa, sannan shugabannin sassa, kowa cikin akwatinsa, layi na saukowa daga wani zuwa wani. Zanen ba ƙarya ba ne. Yana faɗin wa ya fi wa albashi, da wanda ke ajiye mota a inuwa. Abin da ba ya nunawa shi ne hanyar da takarda ke bi, kuma ita ce ta kawo mutanen benci. Sau da yawa ma mutanen da takardar ta fi daɗewa a hannunsu ba su da akwati a zanen ko kaɗan.

Tafiyar takarda

Bari mu bi takarda ɗaya. Ka kawo ta biron kuriye, an shigar da ita babban littafi, an buga mata lamba da kwanan wata. Daga nan ta tafi wurin sakatariya, wadda za ta saka ta cikin parafer, wato babban mayafin takardun nan mai kauri da ake kai wa shef. Shef ya duba, ya rubuta a gefe sunan wanda zai yi aikin. Planto ya ɗauka da ɗan littafinsa na miƙa saƙo, ya kai, aka sa masa hannu an karɓa. Ma'aikacin ya rubuta amsa, ko ya miƙa wa wani yaro ya rubuta. Aka buga ta a na'ura, ta hau wurin shugaban sashe ya duba, ta koma wurin sakatariya, ta sake shiga parafer, shef ya sa hannu, aka buga hatimi, aka ba ta lambar fita.

Ka ƙirga hannayen, sun kai bakwai ko takwas. Alƙalamin shef bai taɓa takardar ba sai na ɗan lokacin da bai kai minti guda ba. Sauran kwanakin, ko makonnin, duk a hannun wasu ta yi su.

A nan ne ƙananan abubuwa ke zama manya. Parafer na iya ɗaukar takardu masu yawa, kuma shef da ke da taro ƙarfe goma ba zai kai ƙarshensa ba. Wadda aka sa a sama ta fita yau, wadda ke ƙasa sai wani jiƙon. Sakatariya ce ke jerawa. Ita ce kuma ta san lokacin shiga: ba a kai wa shef takarda mai wuyar sha'ani bayan an kira shi daga sama an yi masa faɗa, sai an bari ya sha shayi ya yi dariya sau ɗaya. Ba a koyar da wannan a makarantar ENA ta Yamai, amma duk wanda ya fito daga can ya kama aiki yakan koye shi cikin watansa na farko, galibi daga bakin wadda ba ta kai shi karatu ba.

Wannan tsari ba jiya aka fara shi ba. Rabinsa gadon Faransa ne. Tun lokacin da hedkwatar mulkin mallaka take Damagaram, kafin a mayar da ita Yamai a 1926, kwamanda ba ya jin Hausa, talaka ba ya jin Faransanci, sai tafinta da planto suka tsaya a tsakani. Abin da tafinta ya faɗa shi kwamanda ya ji, wanda planto ya bari ya shiga shi kwamanda ya gani. Ɗaya rabin kuwa namu ne tun fil azal. A fadar sarki ba a faɗawa ciki kai tsaye, sai an nemi iso, kuma Bahaushe ya daɗe da cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Biron yau ya haɗa gadon biyu, ya sa musu fanka da kwamfuta.

Takarda da Faransanci, magana da Hausa

A watan Maris na 2025, kundin da hukumomin ƙasa suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. An yi ta muhawara a kai, a rediyo da shafukan zumunta. Amma wanda ya zauna bisa benci ya san biro ya daɗe da raba wa harsuna aiki da kansa. Takarda da Faransanci ake rubuta ta. Bayaninta kuwa da Hausa ake yi, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Barbarci, ko Buzanci, gwargwadon gari da wanda ya zo. Tsohon da ya kawo dosiyen fansho ba daga allon sanarwa yake gane abin da ya rage masa ba, planto ne ke ce masa: baba, saura takardar haihuwa, kuma sai an buga mata hatimi a ma'aikatar magajin gari. Aikin tafinta bai mutu ba, albashinsa ne aka soke.

Hatta tsakanin ma'aikata, harshe na nuna yanayi. A ɗakin taro ana zuba Faransanci mai nauyi, kowa na jan jimla kamar ana ba da maki. Da an fito baranda, sai a warware maganar cikin Hausa a minti biyar, kuma wannan ce za a yi aiki da ita. Idan kuwa shef da kuka saba raha da shi ya kira ka da cikakken sunanka, ya sa maka «Monsieur» a gaba, ya ci gaba da Faransanci zalla, to ka fara tunanin abin da ka yi jiya.

Gaisuwa ma aiki ce. Sabon ma'aikacin da ya shigo da safe ya wuce kai tsaye ya zauna gaban kwamfuta, a ganinsa himma ya nuna. A ganin sauran, girman kai ya nuna, kuma kafin azahar an raɗa masa suna. Wannan na yawan kama matasan da suka yi karatu ko aiki a waje suka dawo. Zagayen safe, ƙofa bayan ƙofa, ina kwana, ina gajiya, yaya mai jiki, yaya yara, shi ne jaridar ma'aikata. A ciki ake jin wa aka yi wa rasuwa, wa matarsa ta sauka, wa ke fushi da wa, wane dosiye ne aka yi waya a kansa daga sama. Wanda ya tsallake gaisuwa ya tsallake labari, kuma ranar da takardarsa ta maƙale zai rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Sai batun shekaru da muƙami, wanda zanen bango bai san da shi ba. Saurayi ɗan shekara 32 ya dawo da babban digiri an ba shi sashe, a ƙarƙashinsa akwai dattijon da ya kama aiki tun kafin a haife shi. A takarda umarni zai ba shi. A zahiri sai ya taso daga kujerarsa ya je har teburin dattijon ya ce: baba, don Allah in an samu sarari a ɗan duba mana dosiyen nan. Dattijon ya ce: to, shef. Wannan «to» ɗin kuwa iri-iri ce. Akwai ta yanzu, akwai ta gobe, akwai wadda ke nufin yaro, ba haka ake yi ba, amma je ka gani. Shugaban da bai iya rarrabe su ba zai yi ta rubuta takardun gargaɗi, aiki kuma yana nan inda ya bar shi.

Akwai wata ƙofa da al'ada ta bari a buɗe, wato wasan taubastaka, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Bagobiri da Bazabarme, Bafillace da Ba'are, Bafillace da Babarbare: idan Allah ya haɗa su a biro ɗaya, ƙarami na iya faɗa wa babba abin da ba wanda ya isa ya faɗa. Direba Bagobiri zai iya duban darakta Bazabarme a gaban jama'a ya ce masa bawana, ka cika rowa, yaran nan sun yi wata biyu ba ka ba su na mai ba. A yi dariya, darakta ya rama da tasa. Amma saƙo ya isa, kuma ba wanda ya ji kunya. Ma'aikatu da yawa ba su da wata hanyar kai kuka sama da ta fi wannan aiki.

Waɗanda ba su cikin zane

Yanzu mu koma kan yaron nan da aka miƙa wa takarda ya rubuta amsa, don shi ne zuciyar maganar.

Kowace shekara jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da André Salifou ta Damagaram, da Djibo Hamani ta Tawa, da sauran jami'o'i da makarantu masu zaman kansu, suna yaye matasa. Guraben aikin gwamnati ba su kai yawansu ba, kamfanoni kuma kaɗan ne. Matashi ya yi rajista a hukumar ANPE, ya ajiye dosiye nan da can, sannan ya shiga biro ta ɗaya daga ƙananan ƙofofi uku. Ko sitaj, na wata uku da akan sabunta har a daina ƙirgawa. Ko bautar ƙasa, sarbis sibik, ta shekara biyu da ɗan alawus. Ko kuma aikin sa kai, wanda ake kira benebol, inda ba takarda, ba alawus, sai fatan ranar da za a ɗauki ma'aikata a tuna da shi. Da yawa sukan bi ta ukun a jere: sitaj, sibik, sannan idan sibik ta ƙare su ci gaba da zuwa kowace safiya kamar ba abin da ya faru, don zaman gida ya fi ciwo, kuma barin wurin tamkar barin layi ne.

Ka leƙa ofisoshi ka ga wa ke gaban kwamfuta. Su ne. Su suka iya Excel, su ke gyara na'urar buga takardu idan ta cije, su ke tsara rahoton da za a kai taro, su ke zama bayan an tashi idan aiki ya matse. Dattijon da ya iya aikin da ka bai saba da na'ura ba, shef kuma yana taro. Rahoto ya fita da sunan sashe, shef ya sa hannu. Idan aka kira taron bita a otel, ko aka samu tafiyar aiki zuwa Dosso ko Agadez mai kuɗin kwana, sunan mai lambar aiki ake rubutawa. Wanda ya rubuta jawabin da za a karanta a can yana nan yana gadin biro.

Dokar aiki ta ƙasa, ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ce awa 40 ne aikin mako. Albashi mafi ƙanƙanta, wanda ya daɗe a kan sefa 30,047, an ɗaga shi zuwa jika 42 daga farkon 2024. Ma'aikaci na da rajista a asusun CNSS, mace mai ciki na da hutun haihuwa na mako 14. Duk wannan na wanda takarda ta san da shi ne. Benebol ba ya cikin kowane layi. Idan babur ya kayar da shi a hanyar kai saƙon ma'aikata, karo-karon abokan aiki ne kawai gatansa. Ba shi da ƙungiyar ƙwadago, ba ya cikin masu maci ranar 1 ga Mayu, kuma ba ya iya yajin aiki tun da a hukumance ba ya aiki.

To da me yake cin abinci? Da me yake biyan kabu-kabu safe da yamma? Wani iyayensa ke ci gaba da ɗaukar nauyinsa, wani yayansa ne da ke Libiya ko Legas ke turo masa ɗan abin da ya samu. Wato akwai ofisoshin da, in an bi diddigi, guminsu na ƴan ci-rani ne. Wani shef mai tausayi yakan zaro jika biyu daga aljihunsa ranar Juma'a. Sauran kuwa daga benci suke fitowa. Mai takarda ya matsu, yaron ya ce bari in duba maka, ya shiga ya fito da ita cikin minti goma, aka damƙa masa dala ɗari na shan ruwa. Ranar farko kunya yake ji. Bayan shekara guda ya san wace takarda ce ke kawo jika, ya kuma gane cewa takardar da ta fita da wuri ba tare da an neme shi ba ba ta kawo komai. Daga nan jinkiri ya zama jari.

Ba wanke shi ake yi ba. Wanda aka karɓi dala ɗarinsa sau da yawa ya fi shi talauci. Amma ma'aikatar da ta ajiye mutum shekara uku tana mora ba ta biya, ta riga ta yanke shawarar cewa mutanen benci ne za su biya shi, ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba. Hukumar HALCIA a da, da COLDEFF da aka kafa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, miliyoyi suke bi, kuma daidai ne a bi su. Sai dai ɗabi'ar da ke kai mutum ga miliyan ba a kujerar darakta ake fara koyonta ba.

Masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai, wadda aka kafa a 2001, irin su Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou, sun shafe shekaru suna zama a asibitoci, kotuna da ma'aikatu suna kallon yadda ake aiki. Abin da suka fito da shi ya yi daidai da abin da planto ya sani: ba rashin ƙa'ida ke damun biro ba. Ƙa'idoji iri biyu ne ke aiki tare, ta takarda da ta yau da kullum, kuma ta biyun ita ma tana da tsari, ana koyar da ita, ana hukunta wanda ya karya ta. Sabon da ya ƙi karɓar na goro ba yabo yake fara samu ba, tambaya ake yi ko waye ya turo shi.

Ga ƴan mata kuwa akwai wani ƙarin kuɗin shiga da ba a faɗa a fili. Yarinyar da ke sitaj, wadda sabunta takardarta ke hannun mutum ɗaya, idan mutumin ya ce ta dakata bayan an tashi akwai aiki, ta san ba kullum aiki ba ne. Dokar aiki ta haramta irin wannan matsi. Amma wa za ta kai wa ƙara, da wace shaida, kuma wa zai ɗauke ta gobe idan aka ce mai tada fitina ce? Galibi wata babbar ma'aikaciya ce ke cetonta, wata tanti ko Hajiya da ta ga irinsa tun tana budurwa, ta ce ƴata zo ki zauna a birona daga yau, tare za mu riƙa tashi. Wannan ma ba ya cikin zane.

Ka san wani a wurin?

Ƴan Nijar sun yi wa abin suna da haruffa uku, PAC, daga kalmomin Faransanci masu nufin dangi, abokai da idon sani. Kowa na tsine masa a fada wajen shan shayi. Amma mu faɗi gaskiya: ranar da ɗayanmu ke buƙatar takardar shaidar ɗan ƙasa, ko takardar kotu da ke nuna ba shi da laifi, wadda ba a karɓarta idan ta wuce wata uku, abin da yake fara yi shi ne ɗaukar waya. Daga Faransa, daga Kwatano, daga Makka, saƙon murya ɗaya ne ke shigowa WhatsApp: ka san wani a wurin?

Daga cikin biro abin yana da wata fuska. Ma'aikaci ba ma'aikaci ba ne kawai, shi ne ɗanmu da ke gwamnati. Garinsu ya sa ido, surukai sun sa ido, abokin da suka yi firamare tare ya sa ido. Idan ya ce a bi layi, kafin dare labari ya kai ƙauye cewa ya zama Bature. Idan ya tsallakar da nasa, mutum goman da ba su san kowa ba sun ƙara awa guda bisa benci. Kowace alfarma da aka yi wa wani, daga lokacin wani aka yanko ta, kuma wanda aka yanka ɗin shi ne bai da lambar da zai kira: matar da ta taso daga ƙauye tun asuba, wadda motar komawarta ke tashi da la'asar.

Wata, wuta da kujera

Biro na da kalandarsa. Daga 20 ga wata fuskoki sun fara canjawa, mai abincin da ke bakin ƙofa ta buɗe littafin bashi, dambu da shinkafa da wake duk a rubuce. Ana tambayar juna ko an ji motsi a banki. Da albashi ya sauka sai adashi, sai takardar karo-karo ta fara zagaye: sunan wane, bikin ƴar wance, rasuwar mahaifin wane. Planto ke yawo da ambulan, kuma shi kaɗai ya san wa ya ba da nawa. Wannan asusun da ba shi da rajista ya fi kowace inshora saurin biya, shi ne kuma kawai wurin da ake rubuta sunan benebol daidai da na kowa, wajen bayarwa da wajen karɓa.

Wuta ma na tona asirin muƙami. Bayan takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta sa a 2023, Najeriya, wadda a lokacin ke ba ƙasar nan mafi yawan lantarkinta, ta katse layi a watan Agusta, ba a maido ba sai a farkon 2024. Waɗanda suka yi aiki a watannin nan ba su manta ba. Amma ko ba takunkumi, a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, da an ɗauke wuta ake gane ɗakin da aka ja wa waya daga injin. Nan da nan kowa ya tuna yana da abin tattaunawa da mai ɗakin, caja a hannu.

Sai kujerar da aka rataya wa riga, da tabarau bisa tebur, alamar mai wurin yana kusa. Ya ɗan fita. Yana taro. Ya je jana'iza. Wani lokacin gaskiya ne, kuma a ƙasar nan wanda bai je jana'izar maƙwabci ba saboda aiki sai ya yi shekara yana bayani. Wani lokacin kuma yana shagonsa, ko gonarsa, ko yana koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta, don albashin ba ya kai wata. Ranar Juma'a kuwa rabin wuni ce a hukumance, a aikace wani lokacin rabin rabi.

Duk da haka takardu na fita. Dalili shi ne a kowane sashe akwai mutum biyu ko uku da komai ya rataya a wuyansu. Kowa ya san su, har mutanen benci sun san su, shi ya sa layin ƙofarsu ya fi tsawo. Ladan da suke samu shi ne ƙarin aiki, don shef ba ya ba da dosiye mai muhimmanci ga wanda zai ɓatar. Idan lokacin ƙarin girma ya zo, akan ce ba a iya rabuwa da su a inda suke. Wasunsu kan gaji su koma ƙungiyoyi masu zaman kansu, wasu su bi hanyar waje, wasu kuma su koyi rataya riga.

Daren da majalisar ministoci ta zauna, ma'aikata da yawa na gaban Télé Sahel suna sauraron jerin naɗe-naɗe. Da safe an san ko shef na nan ko an ɗauke shi. Sabo ya zo da mutanensa, a sake zanen bango, a canja labule, a yi taron cewa daga yau kowa ya zo kan lokaci. Bayan mako biyu sabon shef ya nemi wani dosiye na shekara 15 da suka wuce. A duba kwamfuta babu, a duba kabad babu, wanda ya yi aikin ya yi ritaya. Sai sakatariya ta ce a kira baba planto. Ya ajiye butarsa, ya nufi ɗakin nan na baya da ƙura ta rufe, ya ɗaga kwali na uku daga ƙasa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa ya rubuta abin da ya sani, kuma saura masa ƴan shekaru.

Yanzu sanarwar ma'aikata a zauren WhatsApp take fara fita kafin a manna ta a allo, abin da ya rage wa planto tafiya. Hatimi dai har yanzu na roba ne, yana cikin aljihun tebur, makullin kuma na hannun mutum ɗaya.

Ranar Juma'a da hantsi ya yi nisa, motoci sun fara fita ɗaya bayan ɗaya. Sakatariya ta rufe parafer da sauran takardu huɗu a ƙasa. Planto ya zo bakin benci ya ce wa ɗan ci-ranin nan ya yi haƙuri sai Litinin, shi kuwa tikitin motarsa na Lahadi ne. Ya tsaya yana jujjuya waya a hannu, yana tunanin wa zai kira. A ɗaki na ƙarshe fanka na juyawa, yaron sitaj na kan shafi na 12 na rahoton da shef zai karanta ranar Litinin. Planto ya leƙa ya ce: ɗana, in ka gama ka ja ƙofar, makullin na wurin mai gadi.